Daga Kwalejin Katsina Zuwa Barewa

A shekarar 1921 jirgin ƙasa bai zuwa Katsina, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulki suka kai babbar makarantarsu ta farko a Arewa can. Tun wajen 1911 layin dogo ya iso Kano, ya jawo kantuna da fataken gyaɗa da ma'aikata daga Kudu, gari ya cika da hayaniya. Gwamnan Nijeriya na lokacin, Hugh Clifford, so yake a rene samarin a wuri mai natsuwa, nesa da wannan hada-hada, a ƙarƙashin idon sarki mai ƙarfi. Katsina ta cika sharuɗɗan. Gari ne mai ganuwa da bai cika girma ba, yana da tsohon suna a fagen karatu tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau tsaye tana shaida. Sannan ga Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, mutum ne mai son ganin sabon abu da idonsa, har a shekarar nan ta 1921 ya bi ta Ingila a tafiyarsa ta aikin hajji.

Buƙatar da ta haifi makarantar ƙarama ce a ido. Tun da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka riƙa buɗe makarantun larduna nan da can, amma babu isassun malaman da za su koyar a cikinsu. Turawa ba su da yawa, kuma suna da tsada. Gwamnati kuma ba ta son ɗauko malaman mishan daga Kudu ta zuba su a ƙasashen sarakuna Musulmi. Mafita ɗaya ta rage, a horar da 'ya'yan ƙasa su koyar da ƙannensu. Aka fara karatu a 1921, Clifford ya zo da kansa ya buɗe makarantar a watan Maris na 1922. Shugabanta na farko shi ne G. A. J. Bieneman.

Wanda ya je Katsina yau zai iya ganin ginin, domin an mayar da shi gidan tarihi. Ginin ƙasa ne irin na gida, bango mai kauri, rufin soro, ɗakuna masu sanyi ko da rana ta take. In ka tsaya a ciki sai ka yi mamakin ƙanƙantarsa. A wannan ɗan fili ne aka tara yara daga Sakkwato da Borno da Bauchi da Bida da Ilori da Adamawa, yaran da da yawansu ba su taɓa barin lardinsu ba, wasu ma ba Hausa ce harshen gidansu ba. Sukan yi shekara biyar tare, suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ga kuma Larabci da addini a hannun malamai na gida. An matsa wa furucin Turanci lamba ƙwarai, shi ya sa daga baya in ɗan Kwalejin Katsina ya miƙe a majalisa ana gane shi tun daga jimlar farko. Da yamma sai fili: kurket, da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango da ake kira Fives, wanda daga nan ya bazu zuwa makarantun Arewa, har yau kuma ana buga shi a Katsina.

Akwai wata al'ada da makarantar ta fara tun ranar farko kuma ba ta bari ba: kowane yaro da aka ɗauka ana ba shi lamba, a jere, daga ɗaya. Ahmadu, ɗan Raba da ya shigo a 1926, shi ne na 87. Abubakar, ɗan Bauchi da ya shigo a 1928, shi ne na 145. Waɗannan lambobi biyu kaɗai sun isa su nuna yadda ƙofar take da ƙunci. Shekara bakwai da buɗewa, yankin da ke da miliyoyin mutane yara wajen ɗari da hamsin kawai ya tura. Babu mace ko ɗaya. Yawancin waɗanda aka zaɓo 'ya'yan gidajen sarauta ne da na alƙalai da na ma'aikatan En'e. Turawan kuma ba jami'a suka nufa da su ba, aji suka nufa da su. Likitan farko da Arewa ta samu, Dakta R. A. B. Dikko, ta hanyar mishan ta Zariya ya fito. Duk mai yabon Kwalejin Katsina, ni ma ina cikinsu, ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Amma aikin da aka kafa ta dominsa ta yi shi, kuma wannan ne ake yawan mantawa. In ana lissafa 'ya'yanta sai a fara da muƙamai: Firimiya, Firayim Minista, Gwamna. Alhali kusan dukkansu da alli suka fara. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa, sai a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi, ya yi shekaru yana koyarwa har ya zama shugabanta. Kashim Ibrahim ya koyar a Borno tun kafin a yi mafarkin zai zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Aliyu Makaman Bida ya shugabanci Midil ta Bida kafin ya riƙe baitulmalin Arewa. Isa Kaita ya koyar a Katsina, daga baya ya zama Ministan Ilimi. Sulaimanu Barau ma malami ne kafin ya zama Sarkin Abuja a 1944. Mutanen nan sun san ƙamshin ɗakin aji, sun san yaron da ya zo makaranta da yunwa, sun san yadda ake duba littattafai arba'in a hasken fitila. Ina ganin wannan ne ya sa da mulki ya zo hannunsu a shekarun 1950 suka ba gina makarantu muhimmancin da suka ba shi.

Shekarar da na fi so a tarihin makarantar ita ce 1933. A shekarar ce Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta, aka buga su, kuma aƙalla uku daga ciki na mutanen Kwalejin Katsina ne. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a can daga 1927 zuwa 1932 kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Tafawa Ɓalewa, da ƙyar ya ajiye kayan makaranta, ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da bauta ta raba da mahaifiyarsa ta kai shi har ƙetaren Sahara. Na ukun kuwa ba ɗalibi ba ne, malaminsu ne: Malam Bello Kagara, mai koyar da Larabci da addini a Kwalejin, wanda kuma yayan Abubakar Imam ne. Shi ya rubuta Ganɗoki, labarin jarumin da ya yi artabu da Nasara lokacin da suka shigo ƙasar.

A duba wannan da kyau. Malami ya shiga gasa ɗaya da yaran da ya koyar, har da ƙanensa na jini, bai ga hakan ya rage masa girma ba. Kuma abin da suka rubuta ba a bar shi a akwatin makaranta ba. Waɗannan littattafai, tare da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East, su ne tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko. Daga nan East ya ɗauko Imam zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a watan Janairun 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shaihu Umar kuwa an mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Makarantar da aka fi saninta da gogewa a Turanci ita ce ta ba Hausa marubutanta na farko a wannan fage, kuma har gobe yaran sakandare na karanta su.

Kafin gasar nan ta 1933 makarantar ta riga ta fara sauya kama. Wajen 1929 zuwa 1930, da aka sake tsarin ilimi aka kafa makarantun Midil a larduna, an ɗaga matsayinta zuwa babbar kwaleji, aka shigo da kimiyya domin a samu mataimakan likitoci da ma'aikatan gona da na ayyuka. Sa'adu Zungur ya bi ta nan kafin ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934, ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Ginin ƙasa na Katsina ya yi wa sabon aikin kaɗan, nisa da layin dogo da aka taɓa ɗauka alheri kuma ya zama cikas. A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A nan Aminu Kano ya yi karatu, a nan Shehu Shagari ya yi daga 1941 zuwa 1944, shi ma ya fita ya kama koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. A Kaduna ɗin ne kuma tsofaffin ɗalibai suka fara haɗa ƙungiyarsu a 1939, taron da ya sa Turawa da sarakuna suka ɗaga kunne, don ba a saba ganin samari 'yan boko daga larduna daban-daban sun zauna suna tattauna halin ƙasa ba.

A 1949 aka sake ƙaura, wannan karon zuwa Zariya, kusa da kamfanin Gaskiya, inda take har yau. Ta ɗauki sunan makarantar sakandare ta gwamnati, sannan Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata Barewa, daga hoton barewar da ke jikin tambarinta. A Zariya ƙofa ta ƙara buɗewa. Yakubu Gowon, Kirista ɗan Wusasa, ya shigo a 1950, ya yi suna a fili: mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kyaftin ɗin dambe, kuma gwanin gudun dogon zango. Murtala Muhammad ya biyo bayansa daga Kano. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo daga Kwalejin Keffi ya yi karatun share fagen jami'a ya gama a 1971. In aka haɗa su da Tafawa Ɓalewa da Shagari, mutum biyar ke nan da suka jagoranci Nijeriya daga makaranta ɗaya. Ga kuma masanin lissafi Iya Abubakar, ga likita Jibril Aminu, ga tsohon Babban Jojin Ƙasa Muhammadu Lawal Uwais, ga tsohon Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar.

Wannan jerin sunaye kowa ya san shi, ana maimaita shi a kowane taro. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani jerin, na gidajen kwanan ɗalibai. Akwai gidan Lugard da na Clifford, waɗannan na masu mulki ne, ba abin mamaki. Akwai na Sarkin Zazzau Ja'afaru da na Sulaimanu Barau. Amma akwai gidan Ɗan Hausa, da na Bieneman, da na Mort wanda shi ma ya shugabanci makarantar, da na Malam Smith, da na Nagwamatse, da na Bello Kagara. Mafi yawan gidajen sunayen malaman makaranta suke ɗauke da su. Yaron da aka kawo daga ƙauye, akwatinsa na ƙarfe a ka, aka ce masa kai ɗan gidan Bello Kagara ne, zai yi shekaru yana share tsakar gidan, yana gudu a fili don gidan ya ci kofi, yana ihun sunan a ranar wasanni har muryarsa ta dushe. Ko bai taɓa buɗe Ganɗoki ba, sunan malamin ya zauna a bakinsa. In ya tsufa ya haɗu da wani ɗan makarantar a wajen ɗaurin aure, bayan gaisuwa tambaya biyu ce: lambarka nawa, wane gida?

Na daɗe ina tunanin wannan duk lokacin da na halarci bikin rabon kyaututtuka a ƙananan makarantun garuruwanmu. Ana kiran yaron da ya zo na ɗaya a lissafi, a ba shi littattafai da tafi, kuma ya cancanta. Ana kiran babban baƙo a yi masa kirari, wani lokaci a sa wa sabon aji sunansa saboda buhunan siminti da ya bayar. Malamar da ta yi shekara ashirin tana koyar da lissafin nan tana can baya tana jera kujeru. Ba kuɗi ake buƙata a gyara wannan ba. Fenti gwangwani ɗaya da shawarar kwamitin iyaye da malamai sun isa a rubuta sunanta a saman ƙofa, kuma Barewa ta nuna cewa sunan da aka rubuta haka yana iya yin shekara da shekaru ana kiransa kullum.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 makarantar ta fita daga hannun gwamnatin Arewa, yanzu tana ƙarƙashin Jihar Kaduna. Ta sha abin da sauran makarantun gwamnati suka sha tun daga shekarun 1980: ɗalibai sun ninka, kuɗi sun ragu, gine-gine sun tsufa, masu hali kuma sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, har da wasu daga cikin waɗanda ita ta yi musu riga da wando. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, ita ce ke yawan ɗaukar nauyin gyare-gyare da ba ɗalibai masu ƙwazo kyaututtuka, aji-aji suna haɗa kuɗi suna gyara gidan da suka kwana a ciki. A 2021 ta cika shekara ɗari da kafuwa, lambobin ɗalibanta sun haura dubbai, kuma ana ci gaba da bayar da su a jere daga inda na Katsina suka tsaya.