Amsoshin Tambayoyinku: Shin Baƙo Haka Kawai Yake Shiga Birnin Kano?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dambatta, ya aiko mana da takarda yana cewa in ya shiga birni yakan ga Turawa jefi-jefi a kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata suna ɗaukar hoto. Yana tambaya, me ke kawo su? Kuma haka kawai suke shigowa, ko sai da izini?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Sai da izini, kuma wannan ƙa'ida ta girmi fasfo da biza nesa ba kusa ba. Bari mu faro maka daga badala.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarakunan baya suka ci gaba da faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda kuma ya kafa kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake ciki har yau. Kowace ƙofa da sarkinta. Rana na faɗuwa a ja ƙyaure, wanda dare ya yi masa a waje sai ya kwana a waje, ko da ɗan gari ne. Ayarin raƙuman Azbinawa masu kawo gishiri a Fagge suke sauka, bayan ganuwa.

Amma ƙofa ba ita ce babbar tantancewa ba. Babbar tantancewa ita ce: wane ne mai masaukinka? Falke in ya iso, gidan fatoma yake nufa. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in rigima ta taso shi zai tsaya masa gaban hukuma. Kai da kake harkar hatsi ka san wannan, don har gobe baƙon da ba shi da ɗan gari a Dawanau yana shan wuya. Shi ya sa unguwannin birni da dama ke ɗauke da sunan baƙi: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa. Akwai ma Dandalin Turawa, kuma kada sunan ya ruɗe ka, Larabawan Gadamas da Tarabulus ake nufi. Su aka fara kira Turawa kafin Nasara su zo su gaje sunan.

Baturen Ingila Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Daga Borno ya fito, da takardar Shehu Laminu a hannunsa zuwa ga wakilin Shehun a Kano. Ka ga bizarsa ke nan. Ya caɓa ado da kakinsa na sojan ruwa yana zaton gari zai fito kallo, sai ya tarar kowa na sabgarsa, ba wanda ya ɗaga kai. Ya lissafa ƙofofi 15 masu ƙyauren katako da aka lulluɓe da ƙarfe, ya ce kewayen ganuwar ya kai mil 15, tsayinta kusan ƙafa 30. Abin da ya fi burge shi dai Kurmi ce. Ya ce in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a naɗe, ya kai har Borno ya warware ya ga algus, to mayar da shi ake yi, domin an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, kuma dole a biya shi kuɗinsa. Mu a ganinmu wannan amana ta fi tsayin ganuwa jawo wa Kano baƙi.

Shi kuwa Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarimu, ya iso a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman. Ya zo ba ko wuri a aljihunsa, ga bashi, ga zazzaɓi. Aka ba shi masauki mai duhu, aka ce kada ya fita sai Sarki ya gan shi. Ganin Sarki kuma sai da gaisuwa. Ya haɗa alkyabba da jar dara da madubi da wasu 'yan tarkace ya kai, ya kuma yi wa Galadima irin wannan. Daga nan ne aka sake shi ya zaga gari. Ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, ya ce da rani in fatake sun cika gari sukan ninka. Ya yi mamakin yadda saƙar Kano da rininta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Waɗanda suka shigo ba sallama su ne sojojin Kanar Morland, ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Da igwa suka fasa ta wajen Kabuga. Duk da haka, da suka kafa mulki ba su zauna cikin birni ba, sai Nassarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da ya kwaso, aka kuma hana 'yan mishan kafa sansani cikin badala. A Nuwamban 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, daga 1936 kuma jirgin haya ya fara zuwa a kai a kai. Tun daga nan ƙofar Kano ga mutanen ƙetare ta koma filin jirgi.

Yau Baturen da ka gani a Kurmi sai da ya nuna fasfo mai sauran aƙalla wata 6, da biza, da katin allurar shawara, da tikitin komawa gida. Tun Mayun 2025 ana neman bizar gajeriyar ziyara ta intanet kafin a taso. Kuma ana tambayarsa inda zai sauka, otal ne ko gidan wani, in gidan wani ne a kawo takardar gayyata. Tambayar fatoma ce ta dawo cikin fom.

'Yan ƙasashen ECOWAS ba sa bukatar biza in zaman bai wuce kwana 90 ba, bisa yarjejeniyar 1979, amma sai da takardar tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, sai dai a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu. Mai zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi ya riƙa sauraron sanarwa, don an rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, kaya sun ruɓe a kan hanya.

Batun abin da ke kawo su, yawancinsa abin da kake wucewa ne kullum ba ka waiwaya ba. Dutsen Dala, inda Barbushe ya zauna, wanda masu tonon tarihi suka samu alamar narka tama a gindinsa tun ƙarni na 7, in ka hau shi da hantsi gari duk yana tafin hannunka. Ƙarofin Ƙofar Mata, inda ake haɗa baba da toka kamar yadda kakanni suka yi. Gidan Makama, inda aka ajiye tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari. Sai uwa uba hawan salla, wato Daushe da Nassarawa da Ɗorayi da Fanisau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a Disamban 2024, ko da yake a 2024 da 2025 an yi sallolin da ba a hau ba saboda rikicin sarauta.

Ita badalar tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan UNESCO ta amince da su. Abin takaicin shi ne da yawanta ya tafi. Wani wurin an ɗebi ƙasar an yi gini, wani wurin an yanka filaye da shaguna a kanta, wani wurin ruwan sama ya cinye. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, aka gina ta siminti a madadinta. In kana so ka ga abin da ya rage na ginin ƙasa na asali, ka bi ta gefen yamma, tsakanin Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, kuma ka je da rani kafin ciyawa ta rufe shi.