Sai Masu Gida: Kafuwar Kano Pillars da Batun Haƙƙin 'Yan Wasa

Mutumin Matameye da ke sha'awar kallon ƙwallon ƙwararru a fili, Kano ta fi masa Yamai kusa, nesa ba kusa ba. Yamai tafiyar fiye da kilomita 800 ce. Kano kuwa in ya bi ta Ɗan Barto ya tsallaka iyaka, ya ratsa Daura da Kazaure, bai cika kilomita 200 ba zai ga kansa a Ƙofar Mata, inda filin wasa na Sani Abacha yake. Da wannan hanya ake kai shanu da wake Kano, da ita ake dawowa da atamfa da kayan masarufi, kuma da ita labarin Kano Pillars ya daɗe yana shigowa ƙasar Damagaram. Kulob ne da ya cancanci a san tarihinsa, domin a cikinsa ake ganin yadda ƙwallo ta zama sana'a a ƙasar Hausa, da kuma abin da har yau ya hana sana'ar tsayawa da ƙafarta.

Kano ta san kofi tun kafin a haifi Pillars ta yanzu. A 1953 ƙungiyar birnin ta ci Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama kofin ƙalubale na Najeriya. A 1978 Raccah Rovers ta zama zakarar ƙasa, ta kuma wakilci Najeriya a gasar Afirka. Amma Rovers ba ta ɗore ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 babu wani kulob guda a Kano da zai iya ja da manyan Legas da Inugu da Ibadan.

Sai ga shekarar 1990, lokacin da Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru da kulob 16. Abin da wannan gasa ta zo da shi sabo ne. A da ɗan wasa ma'aikaci ne a banki ko ma'aikatar gwamnati, ana rubuta sunansa a takardar albashi kamar kowane akawu, da yamma ya tafi atisaye. Yanzu aka ce ƙwallon kanta ita ce aikin, da kwantiragi da wa'adi da kuɗin sayen ɗan wasa, kulob kuma ya yi rajista a matsayin kamfani. Masu tafiyar da wasanni a Kano, a gaba-gabansu Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya daga 2002 zuwa 2006, suka ga cewa in aka tafi a rarrabe babu mai kai labari. Aka haɗe kulob uku: na hukumar WRECA mai gina madatsun ruwa, da Kano Golden Stars, da na Bank of the North. Abin da aka samu shi ne Kano Pillars, kuma gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyinta.

Wannan shawara ta yi amfani nan take, domin a 1991 sabon kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke shi 3-2. Sai dai tun daga ranar aka dasa abin da zai bi Pillars har yau. A takarda kamfani ce, amma abincinta daga baitulmalin jiha yake fitowa, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta, ya kuma rushe su ranar da ya ga dama.

An yi shekara 18 kafin kofin gasa ya zo. A 2008 Kadiri Ikhana ya kai Pillars ga zama zakara karo na farko. Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda tsofaffin magoya baya ba sa gajiya da ba da labarinta. A ƙarƙashin koci Ivo Šajh, ɗan ƙasar Sulobeniya, Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin. Aka tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2-2, ƙwallayen da Pillars ta ci a waje suka fitar da Al Ahly. Daga nan ta tsallake rukunin da ke da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, sai a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida Heartland ta Owerri ta tare ta da ci 5-0 gida da waje.

Bayan haka ne aka yi zamanin da ba a taɓa yin irinsa a Arewa ba: kofi uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Rabi'u Ali, wanda Kano ke kira Pele, da Gambo Muhammad su ne ƙashin bayan wannan tawaga. Kirarin "Sai Masu Gida" ba fatar baki ba ne a wancan lokaci, domin tun 2003 babu baƙon da ya ci Pillars wasan gasa a gidanta sai a watan Agustan 2015, da Nasarawa United ta yi nasara 2-1. A watan Maris na shekarar ne kuma 'yan fashi suka buɗe wa motar kulob ɗin wuta a hanyar zuwa Owerri, suka jikkata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo. Duk mai son sanin abin da ɗan wasan gasar Najeriya ke sayarwa da albashinsa, ya tuna da wannan tafiya ta mota daga Kano zuwa ƙasar Inyamurai.

To nawa ne albashin, kuma yaya ake biyansa? Nan ne tarihin ya fi buƙatar a tsaya. Shekara da shekaru tsarin da aka saba shi ne kuɗin sa hannu. Ɗan wasa zai amince da wasu miliyoyi na kaka guda, a ba shi wani kaso a farko, a ce sauran sai gwamnati ta saki kuɗi, albashin wata kuma ɗan kaɗan ne. Sau da yawa kaka ta ƙare sauran bai fito ba, ɗan wasan ya koma wani kulob yana bin bashi a baya, ba shi da lauya, ba shi da ƙungiya mai ƙarfi da za ta tsaya masa. Wannan ciwo ne na gasar baki ɗaya, daga Fatakwal har Maiduguri. Da kamfanin LMC ya karɓi ragamar gasar a kakar 2013, ƙarƙashin Nduka Irabor, daga baya Shehu Dikko, sai ya soke kuɗin sa hannu, ya ce a narkar da shi cikin albashin wata, ya kuma yanka mafi ƙarancin albashi naira 150,000. Ya nemi kowane kulob ya kawo lamunin banki na naira miliyan 100, domin in ya kasa biya a samu abin kamawa. Masu kulob suka yi ta ja da wannan sharaɗi.

Dokar ta yi kyau, kuma ta taimaki yara da yawa. Amma adadi ne da aka rubuta aka bari, duniya kuma ta wuce shi. A 2014 naira 150,000 ta haura dalar Amurka 900, wato kimanin jika 450 na sefa. Bayan shekara 10 kuɗin nan bai wuce dala 100 ba, jika 60 ke nan. Ɗan canji a kasuwar Matameye ya san wannan lissafi sarai, tun da a hannunsa naira ta riƙa narkewa.

A nan yana da amfani a leƙa wata gasa mai nisa, ta ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da ake yi a Amurka da Kanada, wato NHL, domin babu inda aka yi rigimar albashi mai zafi kamar can. Masu kulob suka ce albashi ya cinye ribarsu, 'yan wasa suka ƙi yarda a yanka musu iyaka, har aka soke kakar 2004-2005 ɗungurungum. Da aka sasanta, aka ce duk kulob kada ya kashe fiye da dala miliyan 39 a albashin kaka guda, kada kuma ɗan wasa ɗaya ya ci fiye da kashi 20 cikin ɗari na wannan adadi. Iyakar tana da haƙori. Chicago Blackhawks ta ci kofi a 2010, amma kafin a fara sabuwar kaka dole ta rabu da 'yan wasanta da dama domin lissafinta ya daidaita. A shekarar ne kuma hukumar gasar ta yi fatali da kwantiragin shekara 17 da New Jersey Devils ta ƙulla da Ilya Kovalchuk kan dala miliyan 102, domin an ja wa'adin ne a rage nauyin da zai hau kan lissafin kowace shekara.

Mutane sun fi tuna iyakar sama, alhali abin da ya fi shafar Kano shi ne sauran yarjejeniyar. An yanka iyakar ƙasa ma, dala miliyan 21.5 a kakar farko, wadda dole kowane kulob ya kashe. An kuma ɗaure adadin gaba ɗaya da kuɗin shigar gasar, wanda ake bincika a gaban wakilan ɓangarorin biyu. 'Yan wasa suka fara da kashi 54 cikin ɗari, tun 2013 kuma raba-daidai ake yi. Saboda haka da kasuwa ta buɗe sai iyakar ta bi ta, har ta kai dala miliyan 95.5 a kakar 2025-2026. Ɗan wasan can ya san daga ina haƙƙinsa ke fitowa, ya kuma san wanda zai kai ƙara. Na Kano bai san ko nawa aka tara a ƙofar fili ranar Lahadi ba, kuma ko ya sani, albashinsa bai rataya a kan wannan ba, ya rataya ne a kan takardar da ke jiran sa hannu a gidan gwamnati.

Nijar ma haka abin yake, sai dai a nan kaki ne ke riƙe da ƙwallo. AS FAN ta sojoji ce, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, US GN ta jandarma, ga AS Police da AS Douanes, ga na kamfanonin gwamnati irin su SONIDEP da Nigelec. Su ke iya biya wata-wata, saboda haka su ke kwashe yaran jihohi, kofi kuma ya zauna Yamai. Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasa a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, kuma irin wannan ya zama abin da dattawa ke ba yara labari.

Hanya guda da kulob irin Pillars zai iya samun kuɗin kansa ita ce sayar da 'yan wasa, kuma Kano ta fitar da haja mai tsada. A kakar 2009-2010 Ahmed Musa, yaro ɗan shekara 17 da ya zo daga Jos, ya ci ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Sai da ya cika 18 a watan Oktoban 2010 dokar FIFA ta bar shi ya buga wa VVV-Venlo ta Holan. A 2012 ya koma CSKA Moscow, kulob ɗin da ya sayi ɗan Nijar Moussa Maâzou a 2009, a 2016 kuma Leicester City ta biya kimanin fam miliyan 16 a kansa. Shehu Abdullahi ya tafi Kuwait, Junior Lokosa ya ci 19 a 2018 ya tafi Espérance ta Tunisiya. Babban kuɗin yakan fito ne a ciniki na biyu da na uku. Kulob ɗin da ke ɗaukar ɗan wasa aro, ko kan kwantiragin shekara guda, ba ya da ƙarfin ciniki ranar da mai saye ya zo. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ciniki tsakanin ƙasashe ga waɗanda suka raini ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23, amma sai mai ajiye takardu ke karɓar rabonsa, kuma ajiyar takardu ba ta yiwuwa a ofishin da ake sauya shugabanni duk bayan zaɓe.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da daɗi da ɗaci. A 2018 a Asaba, Pillars tana gaba da ci 3-0 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Enugu Rangers ta farke duka ta kuma yi nasara a bugun fenariti. A 2019 a Kaduna aka huce haushi a kan Niger Tornadoes, 4-3 a fenariti, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66. Sai 2022, kakar da tarzomar 'yan kallo a wasan Katsina United da cin zarafin alƙalin wasa suka jawo aka zaftare mata maki, ta faɗa gasar 'yan dagaji. Kaka guda ta yi a can ta dawo a 2023. Magoya bayan da suka fi kowa cika fili a Najeriya su ne babbar dukiyar kulob ɗin, kuma duk ranar da wasu daga cikinsu suka tsallaka shinge, kulob ɗin ne ke biyan tara, ya tafi wani gari ya yi wasan gida babu kuɗin ƙofa.

Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, a watan Yulin 2025 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa shi babban manajan kulob ɗin yana kan taka leda. Mutum ne da ya sa hannu a kwantiragi a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, ya ga yadda ake rubuta wa'adi na shekara huɗu ko biyar, da kason da kulob ke riƙewa in an sake sayar da ɗan wasa, da inshorar rauni. Abin da ke gabansa a fili yake: dogon kwantiragi ga matasan da aka raina a gida, asusun kulob da kowa zai iya ganin abin da ya shiga daga ƙofa da riguna da talla, da albashin da zai bi wannan asusu ya tashi. Naɗinsa dai ta hanyar da aka naɗa na gabansa ya zo, daga gidan gwamnati, kuma zaɓen gwamna na gaba a Kano a 2027 ne.