Tarihin Ƙananan Jiragen Jet Masu Haɗin Gida

Ƙananan jiragen jet masu haɗin gida jirage ne da kamfani ke sayar da sassansu cikin akwatuna, mai saye ya haɗa da hannunsa. Sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka, inda dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ta yarda mutum ya tashi da jirgin da ya ƙera muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Tun farko, samun ƙaramin inji mai aminci shi ne babbar matsalarta.

Injiniya Jim Bede ne ya buɗe wannan fage. Jirginsa BD-5 mai kujera ɗaya, wanda farfelarsa ke baya, ya fara tashi a 1971, kuma an sayar da dubban akwatunansa. A 1973 aka fito da BD-5J, mai ɗauke da injin jet TRS-18 ƙirar Faransa. Sai dai kamfanin Hirth na Jamus, wanda aka dogara da shi wajen injin samfurin farfela, ya durƙushe, masu saye da yawa suka zauna da gangar jirgi ba inji. A 1979 kamfanin Bede ma ya karye. Duk da haka BD-5J ya yi suna a wasannin sararin sama, ya fito a fim ɗin James Bond mai suna Octopussy a 1983, kundin Guinness kuma ya amince da shi a matsayin jirgin jet mafi ƙanƙanta a duniya.

Bede ya sake yunƙuri da BD-10, wanda ya tashi a 1992 da burin zarce saurin sauti. Burin bai cika ba, haɗurra suka ci rayukan matuƙa, aka watsar da shirin.

Al'amari ya sauya da zuwan injin TJ100 na kamfanin PBS a Jamhuriyar Cek. Kamfanin Sonex na garin Oshkosh, ƙarƙashin John Monnett, ya ɗora shi a kan jirginsa SubSonex, wanda ya fara tashi a 2011. Ingantaccen samfurinsa, JSX-2, ya biyo baya a 2014, da tayoyi masu naɗewa da laimar ceto wadda ke iya sauko da jirgin baki ɗaya. Monnett ya tsara jirginsa ne bisa injin da ke hannu, shi ya sa masu saye suka iya kammala haɗi su tashi.