Ina Shaidun Tarihin Tambuwal da Kebbe?

Duk matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega sai ya ratsa Tambuwal, garin da tarihinsa ke haɗe da sunan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan hijirar Gudu a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, jagororin jihadi sun duƙufa kafa garuruwan ribaɗi domin tsare iyaka da zaunar da jama'a. Buhari, malami kuma mawaƙi, shi ya riƙe wannan yanki, kuma zuriyarsa ce ta gaji sarautar Tambuwal. A maƙwabta ga ƙasar Kebbe, mai iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, da tsoffin garuruwa irin su Kuchi. Labari dai akwai shi a bakin dattawa. To amma me ya rage na wancan zamani wanda yaro zai taɓa da hannunsa?

A ƙasar Ailan, amsar irin wannan tambaya sau da yawa tana cikin majami'un ƙauye. Can akwai kaskon dutse da Kiristoci ke zuba ruwa a ciki don yi wa jarirai baftisma. Bayan Sarkin Ingila Henry na Takwas ya ɓalle daga Roma a 1534, tsoffin majami'u da dama sun koma kufai, amma kaskon bai ruɓe ba. Mutanen gari suka riƙa ɗauko shi daga kangon suna kai shi sabon gini. Wasu na ɗauke da shekarar da aka sassaƙa su, wasu da sunan wanda ya ba da su. Na garin Clonard mai kusurwa takwas ne, an ƙawata shi da zane a kowane gefe. A 1968 wata masaniya, Helen Roe, ta fitar da littafi sukutum a kan irin waɗannan duwatsu na lardin Meath kaɗai.

Rubutu a dutse ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. A Essuk ta ƙasar Mali akwai rubutun Larabci da ya haura shekara 1000. A Sane, kusa da Gao, an gano duwatsun kaburburan sarakuna na wajen shekarar 1100, wasunsu marmara ne da aka sassaƙo a Almeriya ta Andalus aka ƙetaro Sahara da su. Da su aka san sunayen sarakunan da littattafan Timbuktu ba su ambata ba.

Ƙasar Sakkwato ta bi wata hanya dabam, kuma da dalili. Gininmu na ƙasa ne da tubali da azara, sai ana yaɓe duk shekara yake rayuwa. Malamanmu kuma sun yi riƙo da hadisin da ya hana gini da rubutu a kan kabari. Saboda haka tarihin ya sauka a takarda: Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahin Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. A ƙarshen kundi, marubuci kan sa sunansa da na malaminsa, wani lokaci har da ranar da ya kammala. Wannan shi ne dutsenmu, sai dai gara na cin sa, ɗigon ruwan damina na wanke shi.

Bayan kundaye, akwai rijiyar masallaci da kakanni suka yi alwala da ruwanta, da ƙyauren katako, da sandar liman, da tambura da takubban fada, da tsoffin alluna. Abin takaici, idan Allah ya hore wa gari mai taimako aka tashi sabunta masallacin Juma'a, yawanci rushe tsohon ake yi ƙurmus, a cike rijiya, a yi makamashi da azara. Niyyar alheri ce, amma asarar ba ta gyaruwa. Zariya ta nuna akwai mafita: da aka faɗaɗa masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an bar tsoffin bakunan gizonsa a cikin sabon gini. Haka kuma, ganuwar duwatsu ta Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, ta shiga jerin kayan tarihin ƙasa tun 1964.

Tambuwal da Kebbe ba sa bukatar jiran baƙi. Hakimai da limamai su haɗa kai da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a bi gida-gida a rubuta abin da ke akwai, a ɗauki hoton kowane kundi, a bar shi a hannun masu shi. Duk masallacin da za a sabunta, a keɓe wani sashe na tsohon, a kafa allon dutse mai sunan wanda ya assasa shi da shekarar gyara. Kai kuma mai karatu, idan akwai gafakar kakanka a ɗaki, buɗe ta tun dattijon da zai iya gaya maka mai rubutun yana raye.