Liyari Ba Kuɗin Rumawan Da Ba Ne

Ina jan hankalin duk wanda aka tallata wa tsohuwar azurfa a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da sunan kuɗin Rumawa. Ta yiwu liyari ne, mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda fatake suka ƙetaro Sahara da shi zuwa ƙasar Hausa. Rubutun jikinsa ya kira ta sarauniyar Rumawa, amma laƙabi ne kurum. Daular Rum ta Yamma ta faɗi tun 476. Kada 1780 ɗin ma ta ruɗe ka: shekarar rasuwarta ce, kuma har yau da ita ake buga sababbi. Ni ma'auni nake fara nema, domin na gaske giram 28 ne, da rubutu kewaye da bakinsa. Darajarsa galibi ta azurfarsa ce.