Hannun da Ya Taɓa Ƙasa

A ƙauyenmu, gefen hanyar da ta tashi daga Funtua ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi, da rumbu ake sanin lokacin dambe. In an yanke dawa, an ɓare masara, an kai auduga awo, sai ka ji kalangu ya fara kira da la'asar a bakin kasuwa. Ni jikan mahauci ne. Kakana na wajen uba shi ne dattijon da ake aikawa a kira in za a sa zare, kuma Sarkin Dambe mutane ke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani.

Dambe tun asali wasan rundawa ne. Da kaka mahauta kan yi ayari su bi garuruwan da ake biki, manya suna yanka suna sayar da nama, samari kuma suna gwada ƙwanji da 'ya'yan mahautan gari. Auduga ce ta sa yankinmu ya samu kaso mai tsoka a wannan yawo. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, layin dogon da ya taso daga Zariya kuma ya ratsa Funtua har ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Funtua, garin da a da yake ƙarƙashin inuwar Maska, ya cika ya batse, ko da yake har gobe Sarkin Maska ake kiran hakiminsa. 'Yan ci-rani suka yi ta sauka daga Zamfara da Sakkwato da Zazzau. Manomi na da kuɗi a aljihu, gari cike da baƙi, rani ga shi da tsawo. A irin wannan wuri kalangu ba ya kwana da yunwa.

To, wasan da baƙo ke shiga da ɗan gari, a tsakiyar 'yan gari, dole a samu mai tsayawa tsakani. Aikin kakana ke nan, kuma tun kafin a shiga fage yake farawa. Shi ke kama hannun da aka naɗe da zare ya matsa, ya juya, ya tabbatar ba a cusa ƙarfe ko fasasshiyar kwalba ba. Da na yaran gidansa yake farawa, a gaban kowa, kafin ya taɓa na baƙi. Shi ke hana ƙato ya zaɓi yaron da bai kai sa'ansa ba, domin a wancan zamani ba sikeli, idon dattijo ne ma'auni. In an tashi, a kan tabarma ake zube abin da aka tara, ya raba ido na ganin ido: na makaɗa, na wanda ya yi kisa, da ɗan guzurin wanda ya sha ƙasa, musamman in daga nesa ya zo.

Mafi nauyi shi ne yanke kisa. Ƙa'idar a fili take: turmi uku ake yi, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Amma a cikin ƙura da ihu, ga rana na faɗuwa, taɓa ƙasa kan zama abin ƙiftawa da bismilla.

Wata shekara, a zamanin da sunan ɗan dambe Shago ke tashe a bakin makaɗi Ɗan Anace, wani baƙo daga wajen Gusau ya kara da baffana, babban ɗan kakana, wanda a lokacin ba a taɓa kai shi ƙasa a gida ba. A turmi na biyu baƙon ya kai masa naushi a muƙamuƙi. Baffa ya yi tangal-tangal, ya dafa ƙasa da yatsun hagu, ya miƙe nan take ya mayar da martani, baƙon ya zube. Fage ya kaure da sowa, mata na guɗa, an riga an ɗaga Baffa sama. Kakana ya shiga tsakiya ya ɗaga sandarsa, kalangu ya yi shiru. Ya ce a sauke shi, shi aka fara kashewa.

Baffa ya ce, "Baba, ai ba wanda ya gani."

Ya ce, "Ni na gani, kai ma ka sani."

Ya kama hannun baƙon, wanda ko tsayuwa bai iya yi sosai, ya ɗaga. Kakata ta ce kwana uku ba a yi hira a gidan ba. Wasu 'yan gari sun daɗe suna cewa tsohon ya kunyata su. Amma da kaka ta zagayo, ayarin da ya sauka garinmu ya ninka na bara, domin labari ya bi jirgi ya isa inda ya isa: akwai fagen da baƙo ke cin guminsa. Sai da na girma na gane cewa wasan gaba ɗayansa a kan wannan amana yake tsaye. Garin da aka san ana danne baƙo, ayari kan kauce masa. In ayari ya kauce, makaɗi ya rasa kari, mahauci ya rasa ciniki, yaran gari su rasa abokan gwaji.

Yau dambe ya koma gidajen kallo masu ƙofa da tikiti. Ana karawa ɓangare da ɓangare, Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, alƙalin wasa na riƙe da usur, wayoyi na ɗauka ana sakawa a Facebook. Yaranmu da yawa kuma sun koma ƙwallo a filayen makarantu. Na sha tsayawa a bakin irin waɗannan filaye, na ga mai horarwa ya rage wa yaro shekaru, ko ya ajiye gwani a benci ya sa ɗan mai kuɗi, sannan ya dawo yana kukan yara ba su jin maganarsa. Yaro yana gani. Tun ranar da ya ga malaminsa ya ɓoye gaskiya don a ci wasa, tsoro kawai ya rage a tsakaninsu, shi ma na ɗan lokaci.

Ranar da kakana ya rasu, cikin masu ɗaukar makara har da wani dattijo mai tabo a gira wanda yawancinmu ba mu sani ba. Baffa ne ya gane shi. Ya matsa ya ba shi wuri a gaba, suka ɗauka kafaɗa da kafaɗa har maƙabarta.