Sifiri, Ɗaya da Biyu: Tarihin Ƙofofin Shirin Kwamfuta

Duk wanda ya san aikin ofis ya san cewa idan fayil ya shiga rajista, akawu yakan ba shi lamba, daga nan kuma da lambar ake nemansa, ba a sake tambayar wanda ya kawo shi. Irin wannan dabara ce ta warware wata babbar matsala a tarihin kwamfuta, wato yadda shirin da aka rubuta zai karɓi bayani ya kuma fitar da amsa.

A shekarun 1950 da 1960, shiri yakan kasance ɗaure da na'urorin da yake aiki da su. Tilas ne a faɗa masa ko daga kati mai huji zai karanta ko daga tef, ko kuma a na'urar ɗab'i zai zuba sakamako. A manyan injinan kamfanin IBM, sai an jera katunan umarni na musamman an bayyana kowane fayil kafin a fara aiki, kuskure ƙanƙane kuwa ya isa ya mayar da mutum bayan layi.

Canji ya zo ne daga ɗakunan bincike na Bell, a Murray Hill ta Amurka. A shekara ta 1969 Bell ya janye daga wani gagarumin aikin haɗin gwiwa mai suna Multics. Sai Ken Thompson, tare da Dennis Ritchie da abokan aikinsu, suka ɗebi wasu dabaru daga can suka gina ƙaramin tsari a kan wata na'ura, PDP-7. Wannan tsari shi ne Unix, wanda littafin jagoransa na farko ya fito a 1971.

Ga yadda abin yake. Kowane shiri da ke aiki yana da ɗan jadawalin fayilolin da ya buɗe. Idan ya nemi a buɗe masa fayil, tsarin yakan miƙa masa lamba, wadda ita ce mafi ƙanƙanta da ba a riga an kama ba. Da wannan lambar riƙo zai yi karatu da rubutu, ba ruwansa da abin da ke bayanta, domin Unix ya ɗauki na'urori ma tamkar fayiloli. Sa'an nan aka yi yarjejeniya cewa kowane shiri zai tarar da 0 a buɗe, ita ce mashiga, da 1, ita ce mafita. A bisa al'ada dukansu suna haɗe da na'urar da mutum ke zaune gabanta.

Amfanin wannan ya fito ne ta hannun shel, wato shirin da ke karɓar umarnin mutum. Idan aka rubuta ls > jeri, shel yakan haifi sabon shiri, ya rufe masa 1, ya buɗe fayil mai suna jeri. Tun da 1 ce lamba mafi ƙanƙanta da ke sake, fayil ɗin sai ya gaje ta. Shi kuwa ls, mai jera sunayen fayiloli, sai ya yi rubutunsa yadda ya saba, bai ma san an karkatar da ƙofarsa ba.

Tun a 1964 Douglas McIlroy ya rubuta wata gajeriyar takarda yana fatan a riƙa haɗa shirye-shirye kamar yadda ake jona tiyon ban ruwa. Ya daɗe yana naci, sai a 1973 Thompson ya shigar da abin cikin Unix, kuma McIlroy ya ba da labarin cewa a dare ɗaya aka yi. Wannan shi ne bututu: mafitar wani shiri ta zama mashigar wani. Idan aka rubuta who | wc -l, na farko ya jera masu aiki da na'urar, na biyu ya ƙirga layukan, alhali babu wanda ya san da ɗan'uwansa.

To, amma gyara ya zo da tasa matsalar. Idan shiri ya gamu da cikas, a ƙofa ta 1 yake kai kukansa, kukan kuma sai ya bi bututu ya wuce. Stephen Johnson, ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin, ya ba da labarin yadda aka riƙa tura aiki zuwa injin tsara haruffa, a wanke takardar hoto mai tsada, sai a tarar ba kome a kanta sai saƙon kuskure an tsara shi raɗau. Saboda haka, a cikin shekarun 1970, aka ware ƙofa ta uku, wato 2, domin saƙon kuskure kaɗai, yadda zai isa idon mutum ko da an karkatar da sakamako.

Daga nan al'adar ta kafu. Fitowa ta bakwai ta Unix, a 1979, ta zo da daidaitaccen kundin shigarwa da fitarwa na harshen C, inda aka raɗa wa ƙofofin suna stdin da stdout da stderr. Ƙa'idar POSIX ta 1988 ta tabbatar da lambobin, Linux na Linus Torvalds ya gaje su a 1991, kuma a kan Linux aka gina Android da ke cikin wayoyin hannu.

Abin lura a nan shi ne, PDP-7 ta daɗe da komawa gidan tarihi, Ritchie ma ya rasu a 2011, amma 0 da 1 da 2 suna nan daram. Sun ɗore ne domin ba su ɗora wa shiri nauyin sanin kome ba sai aikinsa. Ɗalibin da ya fahimci haka zai rubuta ƙaramin shiri mai aiki ɗaya, ya bar ƙofofinsa a buɗe, domin wani da bai taɓa gani ba ya jona nasa.